NEPU: Jam'iyyar da Ba Ta Hau Mulki Ba, Amma Ta Sauya Mulkin Arewa

A watan Agusta na 1950 abubuwa biyu suka faru a Arewacin Nijeriya, kwana goma sha ɗaya ne kawai tsakaninsu. Ran 8 ga wata wasu samari takwas suka zauna a Kano suka kafa jam'iyyar siyasa, wadda aka sani da NEPU, mutanen gari kuma suke ce mata Jam'iyyar Neman Sawaba. Cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da mawaƙi Mudi Sipikin. Ba mai rawani a cikinsu, ba kuma wanda za a kira attajiri. Ran 19 ga wata kuwa, a zauren majalisar Jihar Arewa da ke Kaduna, wani malamin makaranta daga Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya miƙe ya kawo ƙudurin a binciki mulkin En'e a gyara shi. Ya soki yadda aka tara iko duka a hannun mutum guda, da yadda cin hanci ya zama ruwan dare, da yadda ba a tambayar talaka ra'ayinsa kan abin da ya shafi rayuwarsa.

Ciwo ɗaya suka gani, shi da samarin nan, a wajen magani ne suka rabu. Tafawa Ɓalewa na ganin a bi ta ƙofar fada, a lallaɓa sarakuna su rage wa kansu ƙarfi. 'Yan NEPU na ganin mai cin moriyar abu ba zai rushe shi da hannunsa ba, sai dai talakawa su haɗa kai su tilasta. Bayan shekara bakwai Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista. Su kuwa 'yan NEPU, ba ƙofar da suka fi sani a waɗannan shekaru kamar ta gidan yari. Jam'iyyarsu ta yi shekara goma sha shida ba ta kafa gwamnati ko sau ɗaya ba. Amma duk wanda ya ɗauko jerin abubuwan da ta nema ya duba a yau, zai tarar kusan dukkansu sun tabbata. Abin da bai tabbata ba shi ne yabon da ya cancanci talakawan da suka sha bulala a kansu.

Lokacin da sarki shi ne gwamnati

Da wuya matashin yau ya gane abin da En'e take a rayuwar kakansa. Yanzu sarki uban ƙasa ne. Ana zuwa gaishe shi, ana kallon hawansa da salla, yana sasanta rigima, yana jan hankalin gwamnati. A 1950 sarki shi ne gwamnatin. Shi ke naɗa hakimi, hakimi na da dagatai a ƙarƙashinsa, dagaci na da masu unguwanni. Ta wannan tsani ake yanka haraji a tara shi a kai baitulmali. 'Yan doka na En'e ne. Kotunan alƙalai na En'e ne, sarki kuma yana da tasa kotun a fada, wadda a manyan masarautu take iya yanke hukuncin kisa. Gidan yari ma na En'e ne. Ke nan wanda ya yanka maka haraji, da wanda ya kama ka don ba ka biya ba, da wanda ya yi maka shari'a, da wanda ya kulle ka, duk daga hannu ɗaya suke karɓar albashi. Lauya ba ya tsayawa a gaban alƙali. In ka ce za ka ɗaukaka ƙara, matakin farko dai cikin gidan za ka sake komawa.

Haraji shi ne inda takalmin ya fi matsa wa talaka. Kowane baligi sai ya biya, ko damina ta yi kyau ko fari ya cinye gona, kuma mai unguwa ne ke duban yaro ya ce ya isa. Wanda ya kasa, a sayar da akuyarsa ko hatsin da ya ajiye wa iyali, ko a shanya shi a rana a ƙofar gidan dagaci, ko ya tsere ya bar garin. Makiyayi na biyan jangali a kan kowace saniya. Bayan wannan ga noman gandun hakimi, ga gyaran hanya da ɗaukar kayan baƙin gwamnati, ga gaisuwar da ba a rubuta ta a kowane littafi ba amma kowa ya san ba a zuwa gaban mai iko hannu rabbana. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, Turawa suka buƙaci kuza ruwa a jallo, sai aka riƙa kwasar ƙarti daga ƙauyuka ana kai su haƙar ma'adinai a tsaunukan Jos. Mutane suka sa wa abin suna ɗiban gwamna. Da yawa sanyi da cuta suka kashe su a can. Gwamna ne ya nema, amma dagaci ne ya nuna ɗan wanda za a ɗauka, kuma ba kasafai yake nuna ɗan mai hali ba.

Akwai abin da ya kamata a faɗa don adalci ga sarauta ita kanta. Wannan tsari ba shi ne ainihin wanda aka gada ba. Kafin Turawa ƙarƙashin Lugga su ci Kano da Sakkwato a 1903, sarki na da abubuwan da yake shakka. Yana shakkar malamai, yana shakkar manyan fada da suka zaɓe shi, yana shakkar wasiƙa daga Sakkwato ko Gwandu, yana kuma shakkar talakawa su kwashe su koma ƙasar wani sarkin. Turawa suka raunana duk waɗannan, suka bar abu guda, wato yardar Razdan, Baturen da ke kula da lardi. Muddin haraji na shiga kuma gari na kwance, sarki ya sami ƙarfin da kakanninsa ba su taɓa samu ba, tun da yanzu bindigar Ingila ce a bayansa. Shi ya sa 'yan NEPU ba su taɓa raba faɗa da Turawa da faɗa da En'e ba. A wurinsu, in Bature ya tafi ya bar wannan tsari yadda yake, talaka bai sami 'yancin kai ba.

Daga Bauchi zuwa Sudawa

Tushen tunanin ya girmi jam'iyyar. A farkon shekarun 1940 Bauchi ta haɗa mutum uku da tarihin Arewa ba zai manta da su ba: Sa'adu Zungur, da Tafawa Ɓalewa, da wani matashin malami a makarantar Midil mai suna Aminu Kano. Sa'adu Zungur ɗan gidan malamai ne, ya sha karatun addini, ya yi Kwalejin Katsina, ya leƙa babbar kwalejin Yaba a Legas, ga kaifin harshe ga baiwar waƙa. A dandalin muhawarar da suke yi a Bauchi aka fara tambayoyin da ba a saba ji a fili ba, har magana ta kai ga albashin sarakuna, daga nan hukuma ta rufe dandalin. Rashin lafiya ya hana Sa'adu Zungur ganin ƙarshen abin da ya shuka, ya rasu a 1958, amma waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ta riga ta gargaɗi sarakuna cewa in ba su gyara ba zamani zai gyara su.

Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920, ba ya cikin mutum takwas ɗin nan, domin a lokacin yana koyarwa a kwalejin horon malamai ta Maru, aikin gwamnati kuma ya ɗaure shi. Kafin shekarar ta ƙare ya ajiye aikin ya dawo gida, a 1953 ya zama shugaban jam'iyyar. Ya yi karatu a Landan, ya ga yadda jam'iyyar ma'aikata ke mulki a Ingila bayan yaƙi. Amma ba wannan ne makaminsa mafi kaifi ba. Shi ɗan Sudawa ne, daga zuriyar Genawa da aka sani da alƙalanci, mahaifinsa Malam Yusufu masanin shari'a ne. Saboda haka da fada ta fara cewa 'yan NEPU marasa kunya ne, masu raina na gaba, masu saɓa wa addini, sai ya buɗe littattafan da fadar ke tinƙaho da su. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa al'adun mulkin da ya ce sun saɓa wa shari'a, ya kira su da sunayensu na Hausa, jangali da kuɗin gari da gaisuwa suna ciki. Ƙanensa Abdullahi kuwa a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami, bayan ransa ya ɓaci da ganin yadda wasu abokan jihadi suka fara karkata ga dukiya da sarauta. Tambayar Malam Aminu mai sauƙi ce: in waɗannan abubuwa ne suka sa aka yaƙi sarakunan da, me ya halatta su a hannun jikokin waɗanda suka yi yaƙin?

Wannan tambaya ce ta sa NEPU ta shiga inda aƙidar gurguzu zalla ba za ta taɓa shiga ba. Takardar manufofinta, Sanarwar Sawaba, ta yi magana da harshen gwagwarmayar aji, ta raba al'umma gida biyu, masu riƙe da En'e da talakawa. Amma a zaure da bakin kasuwa da aya da hadisi ake bayani. Malamai irin su Lawan Dambazau suka zama garkuwar jam'iyyar a fagen shari'a, suna koya wa mutum abin da zai ce in an gurfanar da shi, da inda alƙali ya kauce wa littafi.

Su wane ne 'yan NEPU?

Ba 'yan boko ne suka cika ta ba. Akawu ko malamin makarantar En'e in ya yanki kati ya san aikinsa ya tafi, ko a tura shi wani ƙauye mai nisa. Babban ɗan kasuwa na buƙatar lasin sayen gyaɗa da rance da kwangila, duk kuwa ta hannun masu mulki suke fitowa. Waɗanda suka rage su ne mutanen da abincinsu ba ya bi ta ƙofar fada: teloli, mahauta, 'yan koli, marina, maƙera, masu shayi, direbobi da 'yan kamasho, malaman allo da gardawansu. Tanko Yakasai da ɗinki ya fara kafin ya zama editan shafin Hausa na jaridar Comet a Kano kuma kakakin jam'iyya. Shagon tela ya zama ofishin reshe. Direban babbar mota ya zama mai kai saƙo, ɗan koli mai bin kasuwannin ƙauye ya zama mai yaɗa labari, mawaƙa kuma suka mai da manufa abin da ake rerawa, yadda wanda bai iya karatu ba zai haddace ya kai gaba. Gaskiya ne an sami wasu 'ya'yan sarauta da suka nemi rawani suka rasa, suka shigo don huce haushi, wasunsu kuma suka fice da zarar an yi musu tayi. Amma ba su ne ƙashin bayan tafiyar ba.

Abin da ya fi tayar wa masu mulki hankali ba ya cikin takardar manufa. Shi ne mutum ya zo gaban hakimi ya yi sallama a tsaye, bai faɗi ba. Ya nemi rasit in ya biya haraji. Ya ce ba zai je noman gandu ba sai an biya shi. Ya tambayi alƙali a wane littafi ya ga wannan hukunci. Wanda bai rayu a zamanin ba zai ga kamar ƙananan abubuwa ne, alhali a kansu aka ɗaure mutane, a kansu aka raba wasu da gonakinsu.

Zaɓen 1951 ya nuna wa kowa ƙarfin abin. Ba kai tsaye ake zaɓe ba, hawa-hawa ne: unguwa ta zaɓi wakilai, su zaɓi na gunduma, har a kai ga na lardi waɗanda za su tura mutane Kaduna. A matakan ƙasa NEPU ta ba da mamaki, musamman a birnin Kano. Sai dai doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen, kashi goma cikin ɗari, a matakin ƙarshe. Da aka gama tacewa, ko mutum ɗaya na NEPU bai kai majalisa ba. Amma tsoro ya riga ya shiga. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda da farko ƙungiyar 'yan boko ce ta tattauna ci gaba, har 'yan NEPU na cikinta kafin a raba gari, sai aka mai da ita cikakkiyar jam'iyyar siyasa a watan Oktoba na 1951. Ita ce NPC, mai alamar fartanya da kirarin Salama, Sardauna Ahmadu Bello ya zama jagoranta, sarakuna da hakimai suka rungume ta.

Daga nan aka shiga shekarun wuya. Ba a lacca sai da izinin En'e, izinin kuma ko a hana, ko a ba da shi a wurin da ba kowa, ko a janye ana gab da farawa. In aka yi ba izini, laifi ne. In mai lacca ya ambaci sunan sarki ko hakimi, an ce ya yi zagi. In ya yi gardama a kotu, ya raina alƙali. Wata uku, wata shida, shekara, wani lokaci da bulala. A ƙauye abin ya fi muni, domin can ba ɗan jarida ba lauya: a ninka wa mutum haraji, a hana shi rumfa a kasuwa, a zuga surukai su raba aurensa, a ƙi zuwa sunan ɗansa. A 1953 wata ƙungiyar 'yan daba da ake kira Jam'iyyar Mahaukata ta ɓulla a Kano, aikinta dukan 'yan NEPU da tarwatsa taronsu. Su ma suka kafa rundunonin samari don kare kai, irin su Rundunar Samarin Sawaba, kuma ba za a ce hannunsu bai taɓa sanda ba. Siyasar daba da ke addabar Kano har yau a nan ta yi saiwa. A 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar hana yara shiga harkar siyasa, kowa kuma ya san yaran wace jam'iyya ne ke bin tituna suna waƙa.

Wani abu da ke ba ni mamaki a tarihin nan shi ne Sardauna da kansa ya ɗanɗani kotun En'e. A 1943, yana aiki a Gusau, aka zarge shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri, sai da ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya aka wanke shi. Jikan Shehu ke nan, mai ilimi da hanya da magoya baya. Tela a Ringim ko manomi a Ɗanja ba shi da ko ɗaya cikin ukun.

Mata sun ɗauki kaso mai nauyi na wannan wuya, alhali ko ƙuri'a ba su da ita. Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, mahaifinta mutumin Gana mahaifiyarta Banufiya, ta shiga NEPU a Zariya tana budurwar shekaru, ta zama shugabar mata. Ita da aka aurar tana 'yar shekara goma sha uku, ta tsaya a bainar jama'a tana magana kan auren wuri da karatun 'ya'ya mata da 'yancin zaɓe. Ta je Abekuta ta ga yadda Funmilayo Ransome-Kuti ta haɗa kan matan kasuwa. An kama ta a Kano saboda tara mata, an kore ta daga garin, an yi mata dukan kawo wuƙa ba sau ɗaya ba, ana kuma lissafa ɗaurinta har sau goma sha shida. Sunan ɓatancin da aka fi jifan matan NEPU da shi an zaɓe shi ne don a hana matar aure ko da leƙowa. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa suna gida.

Inda lissafi ya ƙi

Ba zalunci kaɗai ya hana NEPU cin zaɓe ba, ko da yake shi ne babba. NPC na da hujjar da ta shiga zukatan mutane da yawa: Kudu ta yi wa Arewa nisa a ilimin boko, in Turawa suka tafi kuma Arewa na rarrabe, akawu da ɗan sanda da injiniya duk baƙi za su zama. Sardauna ya amsa wannan tsoro da aiki, ya buɗe makarantu, ya cusa 'yan Arewa a aikin gwamnati, ya kafa jami'a a Zariya a 1962. NEPU kuwa ba ta da kuɗi, sai ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Nnamdi Azikiwe a 1954, abokan hamayya suka samu abin faɗa, wai an sayar da Arewa. A 1959, cikin kujeru 174 na Arewa a majalisar tarayya, NPC ta kwashi 134, NEPU ta sami takwas, duk da ƙuri'a fiye da rabin miliyan da aka jefa wa alamarta ta tauraro. Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas. Sai kuma NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC a Legas, ta ja NEPU ciki, Malam ya karɓi muƙamin mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati. Ɗan NEPU da ke kwance a gidan yarin En'e ya wayi gari jam'iyyarsa na zaune benci ɗaya da waɗanda suka sa aka kulle shi. Ina ganin wannan ya karya gwiwar mutane fiye da bulala. A zaɓen jiha na 1961 kujera ɗaya tak ta samu, a 1964 Malam ma ya rasa tasa.

Ita ma NPC ba ta bar sarakuna yadda ta same su ba. Tun daga dokokin farkon shekarun 1950 aka daina ɗaukar sarki shi kaɗai a matsayin En'e, aka haɗa shi da majalisa, aka fara shigo da zaɓaɓɓun kansiloli. Gwamnatin Sardauna ta binciki kuɗin En'e ta Kano, a 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus ya koma Azare. Sai dai wannan ja-in-ja ne tsakanin Kaduna da fada kan wa ke sama da wani. Talakan da ke gaban alƙali bai ga canji ba.

A hayin iyaka ma an yi irin wannan tafiya, kuma ƙarshenta ya fi ɗaci. A Nijar, jam'iyyar Djibo Bakary, wadda ita ma Sawaba ake ce mata, ta tsaya ne da ƙafafun direbobi da leburori da ƙananan 'yan kasuwa, ta kuma yi abin da NEPU ba ta yi ba, ta ci zaɓen 1957 ta kafa gwamnati. Da Janar de Gaulle ya kira ƙuri'ar raba gardama ran 28 ga Satumba 1958, Djibo ya ce a ƙi zama ƙarƙashin Faransa. Hukumar mulkin mallaka ta haɗa kai da sarakunan gargajiya, waɗanda ya riga ya taɓa wasunsu, aka kayar da shi, Diori Hamani ya hau, a 1959 aka haramta jam'iyyar. 'Yan Sawaba da yawa suka tsallako Kano da sauran garuruwan Arewa, 'yan NEPU suka ba su masauki. A 1964 suka ɗauki makami suka koma, aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a. Malam Aminu bai taɓa bin wannan hanya ba, duk da abin da aka yi wa mutanensa, kuma ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa tafiyarsa ta rayu ta sake tsiro.

Abin da soja suka zartar

Juyin mulkin 1966 ya rushe dukkan jam'iyyu, NEPU na ciki. Abin da ya biyo baya shi ne ya sa na ce ta sauya mulkin Arewa. Cikin 'yan shekaru gwamnatin Yakubu Gowon, wadda Malam Aminu ya yi wa kwamishinan sadarwa sannan na lafiya, ta raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida a 1967. Aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka mai da su ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha, aka rufe kotunan sarakuna. Aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya, gidajen yari suka koma hannun tarayya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya binne sunan En'e gaba ɗaya, a shekarar ce kuma matan Arewa suka fara samun damar jefa ƙuri'a. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna. Za a iya cewa soja sun yi haka ne don ƙarfafa gwamnatin tsakiya, ba don tausayin talaka ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma da ba a yi shekara goma sha shida ana tona asirin kotun En'e a kasuwa da jarida da majalisa ba, da ba a sami ma'aikata da hafsoshi 'yan Arewa da suka taso suna jin wannan ƙorafi ba, da wuya a taɓa waɗannan abubuwa ba tare da ƙasa ta girgiza ba. An taɓa su, ba wanda ya fito kare su.

Haraji ne ya rage, shi ma ranarsa ta zo. A 1978 tsofaffin 'yan NEPU da sababbin 'yan boko masu ra'ayin sauyi suka kafa PRP mai alamar makulli. A 1979 ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa kuma suna hawa suka soke haraji da jangali. Gwamnatin Kano ce ta fara ba da hutun ranar ma'aikata ran 1 ga Mayu 1980, kafin tarayya ta bi sahu, ta kuma kafa hukumar yaƙi da jahilci. Daɗin bai daɗe ba. Jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan Santsi na gwamnoni da 'yan Taɓo na Malam. Majalisar Kaduna, wadda jam'iyyar NPN, abokiyar hamayyar PRP, ta fi rinjaye a ciki, ta hana Balarabe Musa naɗa kwamishinoni, ta tsige shi a watan Yuni na 1981. Ran 10 ga Yuli na shekarar, bayan takardar tuhumar da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, tarzoma ta tashi a Kano, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Malam Aminu ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, almajiransa ba sa ga maciji da juna. Gidansa na Gwammaja, Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero.

Akwai gurbin da tafiyar ta bari, kuma ƙaunar da nake yi mata ba za ta hana ni faɗa ba. NEPU ta san abin da take so a rushe dalla-dalla, domin mutanenta sun ji shi a jikinsu. Abin da za a gina a wurin bai samu irin wannan kulawa ba. Soke haraji daidai ne, kuɗin wulaƙanci ne, kuma a 1979 man fetur ya riga ya sa bai taka kara ya karya ba a asusun gwamnati. Amma mutumin da ya koyi neman rasit a hannun dagaci ba a koya masa neman lissafi a hannun shugaban ƙaramar hukuma ba, tun da kuɗin ba daga aljihunsa ake ganin sun fito ba, daga tarayya suke gangarowa. Ikon da aka ƙwace daga fada bai sauko unguwa ba, ya wuce gidan gwamnati. Gwamna ya zama mai riƙe da filaye, mai naɗa sarki da sauke shi, mai riƙe asusun haɗin gwiwa da kason ƙananan hukumomi ke bi ta ciki, sau da yawa kuma mai naɗa kantomomi a inda ya kamata a yi zaɓe. Sai a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce ba a yarda gwamna ya rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya sa kantoma ba. Babban Lauyan Gwamnatin Tarayya ne ya shigar da ƙarar a kan gwamnonin jihohi 36.